Kofur Ta Tafi Da Fuskar Ezekiel

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, Malam Joel Dawuda, mai shagon zane da tsara takardu a kan hanyar kasuwa a garin Zuru, yana sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a da masu kawo aiki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Kofur. Ta rasu ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a kan teburin Muntaka mai gyara, bayan doguwar jinya wadda maigidanta ya daɗe yana cewa ba jinya ba ce. Ta tafi da ayyukan mutane da yawa a cikinta. Daga ciki akwai fuskar wani mutum da ba a da ita a ko'ina kuma, kuma saboda wannan fuskar ne sanarwar ta fi yadda aka saba tsawo.

Babu wanda ya san shekarun marigayiyar. 'Yar gwanjo ce, ta yi wata rayuwa a wata ƙasa kafin ta zo nan, har da ragowar wani suna da aka kankare a bayanta. Yayan Joel, Abel, wanda soja ne, shi ya saye ta a Kaduna ya kawo ta cikin jakar kayansa, a naɗe cikin tawul. Shi ne kuma ya raɗa mata suna. Ya ce ya san irinta a bariki: tana karɓar umarni ba musu, tana aiwatarwa a lokacin da ta ga dama, kuma ba za a taɓa ƙara mata girma ba. Ta yi sama da shekara goma a shagon, ta rasu tana Kofur.

Kafin zuwanta, Joel mai fenti ne. Da fensir da buroshi yake rubuta allunan shaguna, yana zana zaki da doki a bayan manyan motoci, yana zana aski iri-iri a bangon masu aski. Hannunsa ya yi suna har garin Mahuta. Da Kofur ta zo, ya wanke buroshinsa da kananzir, ya zuba su a gwangwanin madara, ya ce zai riƙa taɓa su lokaci-lokaci don kada hannu ya mutu. Bai sake taɓa su ba.

Waɗanda suka yi hulɗa da marigayiyar sun shaide ta da riƙon amana. A shekarar zaɓe ta tsara fostocin 'yan takara uku masu neman kujera ɗaya, ta ajiye su kusa da juna, babu wanda ya ji labarin wani. Ba ta bambanta coci da masallaci ba. Da safe ta yi banar godiyar girbi, da rana ta yi katin walimar sauka, da yamma ta yi allon bikin gargajiya na Uhola, duk da haruffa iri ɗaya, domin haruffan da Joel ke so ba su da yawa. Ta rufa wa mutane asiri fiye da yadda suka sani. Ta share ƙuraje, ta cike giɓi, ta miƙe wuyan riga. Ta sa wa wani ango takalmi alhali da silifa ya zo gaban kyamara. Ta tsayar da mata da miji kafaɗa da kafaɗa a katin cikarsu shekara arba'in da aure, ko da yake ba a samu hoto ɗaya da suka yarda suka ɗauka tare ba. Takardun shirin jana'iza kuwa, da wuya a sami unguwa a Zuru da ba ta raka wani nata da takardar da ta fito daga hannun Kofur ba.

Ba ta da yawan magana. Idan aka tashe ta da safe, takan ce “ting” sau ɗaya, sannan ta yi shiru na tsawon shan shayi. Idan aiki ya yi nauyi, fankarta kan ce “fuuuu,” kamar tsohuwa ta sauke itace. Joel ya san ma'anar kowace ƙara, kuma idan baƙo ya yi magana a lokacin da take tunani, yakan ɗaga masa hannu ya yi shiru.

Rauninta ɗaya ne, kuma dole a ambace shi a nan domin abin da ya biyo baya. Ba ta iya ɗaukar kaya mai nauyi. Idan aka cusa babban hoto a cikin shafin da ake tsarawa, sai ta sandare. Don haka Joel ya koyi tausaya mata. Ba ya zuba hoto a cikin shafi. Yakan bar hoton a ɗakinsa daban a cikin kwamfutar, ya nuna wa shafin hanyar ɗakin kawai, kamar wanda ya nuna wa baƙo rijiya maimakon ya ɗora masa tulu. Idan an buɗe shafin, zai je ya leƙo hoton ya nuna shi, mai kallo ya ɗauka a ciki yake. Sai ranar kai aiki wurin bugu Joel kan haɗa su wuri ɗaya. Da wannan dabarar ya ƙara mata shekaru, kuma yana alfahari da ita.

Aikinta na ƙarshe ya zo ne daga ƙauyen Manga, a hannun Mama Dinah, matar marigayi Ezekiel. Mijinta soja ne da ya tafi yaƙin Laberiya bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba, labari aka kawo. Ya tafi ya bar ta da ciki, ta haifi Prosper, wanda yanzu magidanci ne, yana aikin babur a Wasagu. Hoto ɗaya Ezekiel ya bari, wanda ya ɗauka cikin kaki gab da tafiya. Tun Prosper na rarrafe ruwan damina ya bi ta rufin ɗaki ya shiga firam ɗin da hoton ke ciki, ya manne shi da gilashi, ya cinye mafi yawan fuskar. Abin da Prosper ya sani na mahaifinsa shi ne hula, kafaɗa, da wani farin tabo a tsakaninsu.

Mama Dinah ta ji labarin Kofur a coci. Ta zo da firam ɗin cikin zane, ta ce iyali za su yi sujadar tunawa da shi, kuma tana so ɗanta ya ga ubansa kafin ita ma ta bi shi.

Joel ya ɗora hoton da gilashinsa a sikana, injin da ke kwafe hoto zuwa cikin kwamfuta. Abin da ido ya kasa gani, Kofur ta gano: a ƙarƙashin farin tabon akwai inuwar ido, da layin hanci, da rabin baki. Don ya sami fiye da haka, Joel ya yi abin da masu sana'ar ke yi wa hoton da ya manne, ya jiƙa shi a ruwa mai sanyi don ya saki gilashin. Ya sha yi, yana fita lafiya. Wannan karon fuskar ta taso daga takardar kamar yanar koko, ta watse a cikin roba. Ya faɗa wa Mama Dinah a ranar. Ta daɗe tana kallon farar takardar, sannan ta tambaya ko abin da injin ya gani yana nan.

“Yana nan, Mama. Yana cikin Kofur, babu abin da zai same shi.”

“To a ci gaba,” in ji ta.

Daga nan duk ranar kasuwa, in ta sayar da abin da ta kawo, sai ta zo shagon ta zauna a benci kusa da shi. Joel na gina fuskar ɗigo-ɗigo, ita tana gyara masa. Maƙwabtan shagon suna jin su.

“Hular nan ka karkatar da ita. Bai taɓa sa hula daidai ba.”

“Mama, a hoton daidai take.”

“A hoton tsoron mai hoto ya ji. Karkatar.”

Wata rana ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon.

“Ɗana, leɓen wa ka sa masa?”

“Nasa ne. Na ɗauko na hagu na juya shi dama.”

“Na dama ba haka yake ba. A wurin kokawa aka fasa masa, ranar da ya zo yi mini burga. Ya sha ƙasa a gabana, shi ya sa na aure shi, don tausayi.”

Joel ya fasa leɓen, ya ɗinke shi da ɗan farin layi. Kofur ta ce “fuuuu,” ta amince.

Ranar da aka gama, Joel ya mayar da hoton ya cika allo, ya ja kujerarsa baya. Mama Dinah ba ta yi kuka ba. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta dubi saurayin da ke kallonta, ta ce, “Ezekiel, ka ga yadda ka bar ni na tsufa ni kaɗai.” Sannan ta kafa sharuɗɗa biyu. Ba za a buga shi ƙarami ba, domin mijinta ba neman aiki zai je ba. Kuma ba za a tura shi ta waya ga kowa ba, domin waya tana da baki, kuma ita so take Prosper ya fara ganinsa a coci, babba, a tsaye, kamar mutum. Injin da ke buga irin wannan girman yana Kontagora. Joel ya tsara shafin, ya kewaye shi da furanni, ya rubuta suna da muƙami da ayar da ta zaɓa, ya sa ranar Laraba zai kai.

Game da jinyar marigayiyar, iyalan suna so a faɗi gaskiya. Tun zafin bazara ta fara wata sabuwar ƙara daga can ciki, “kyat, kyat, kyat,” kamar ƙadangare a kan kwano. Joel ya ji. Ya ɗora ta a kan marafan kwalba don iska ta ratsa ƙasanta, ya juya mata fankar shagon, shi ya zauna cikin gumi. Idan wani ya tambaya, yakan ce haka take yi in ta gaji. Ajiye kwafi a wani wuri na daga cikin abubuwan da yake yi wa abokan sana'a wa'azi a kai. Filashinsa, ɗan abin ajiyar da ake sokawa a jikin kwamfuta, a cike yake da tsofaffin ayyuka, kuma ya daɗe da niyyar zama ya share su.

Ranar Litinin da safe ya tashe ta, ba ta ce “ting” ba. Ta nuna baƙin allo da rubutu fari, ta ce “kyat, kyat,” ta tsaya a nan. Ya rungume ta a ƙirji ya tsallaka titi zuwa rumfar Muntaka, mutumin Argungu, wanda ya daɗe yana duba ta. Muntaka ya kara kunnensa a jikinta.

“Oga Joel, tun yaushe take wanga kuka?”

“Kwanan nan ne.”

“Kwanan nan na bana, ko na bara?”

Muntaka ya kwance ta, ya zaro rumbunta, ɗan ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu inda take ajiye duk abin da ta sani. Ya ce allurar da ke karatu a ciki ce ta gaji, kuma shi ba ya buɗe irin wannan. Amma akwai wani magani na masu gyara, wanda ba a rubuta a littafi ba: a sa rumbun a firiza ya sha sanyi sosai, wani lokaci ƙarfen kan tsuke, ya farfaɗo na ɗan lokaci, a kwashe abin da za a iya kwashewa.

Firizar da ba ta mutuwa a layin ita ce ta Hafsat mai zoɓo, domin da hasken rana take aiki. Hafsat ta karɓi ƙullin ledar da yatsu biyu.

“Malam Joel, na ajiye wa mutane nama, na ajiye maganin kaji, har kifin biki na ajiye. Ƙwaƙwalwa ce ban taɓa ajiyewa ba. In ta cika a nan, ba ruwana.”

“Don Allah kada ki bari a ɗora mata komai.”

“Tsakanin zoɓo da kunun aya zan sa ta. Ko ni ban sami irin wannan gado ba.”

A nan marigayiyar ta kwana. Joel ya je dubiya sau da yawa, har Hafsat ta ce in zai ci gaba da buɗe murfin, shi ma ya shiga.

Ranar Talata da hantsi aka ɗauko rumbun yana hayaƙin sanyi, aka mayar da shi da gaggawa. Muntaka ya soka filashinsa, ya danna maɓallin kunnawa. Sai ta ce “ting.” Waɗanda ke wurin sun ce Joel ya kira sunanta da ƙarfi, kamar yadda ake kiran wanda ya buɗe ido a asibiti.

“Abu guda,” in ji Muntaka. “Ɗauki wanda ka fi so. Ba ta jiran na biyu.”

Joel bai yi shawara ba. Ya wuce aikin shekara goma, ya wuce katunan auren da ake jira, ya wuce hotunan 'ya'yansa, ya nufi Ezekiel kai tsaye. Abubuwa biyu ne a wurin: shafin da ya tsara, da ɗakin da hoton ke zaune. Shafin ne yake buɗewa kullum, kuma kullum in ya buɗe, Ezekiel na ciki yana kallonsa. Hannunsa ya tafi inda ya saba. Ya ja shafin zuwa filashi, ya wuce nan take, da sauri irin na abin da ba shi da nauyi. Ya kai hannu ga na biyun. Kofur ta ce “kyat.” Ta sake cewa “kyat,” a hankali. Fankarta ta yi juyi na ƙarshe. Daga nan ba a sake jin muryarta ba.

Muntaka ya buɗe filashin a tasa kwamfutar. Furannin sun fito tsaf. Sunan ya fito, da muƙamin, da ayar. A tsakiya akwai wani akwati ruwan toka, babu kowa a ciki. Shafin ya je rijiyar da aka nuna masa, ya tarar babu hanya.

“Ina mutumen?” in ji Muntaka.

Joel ya zauna a ƙasa, a kan tarin matattun cajoji.

An mayar da rumbun firiza, an sake gwadawa da la'asar, bai motsa ba. Muntaka ya ce ya ji labarin wasu a Legas da ke buɗe irin wannan a ɗakin da ƙura ba ta shiga, amma bai san kowa da ya kai ya dawo da labari mai daɗi ba, kuma sanyin da aka ba shi sau biyu bai ƙara masa lafiya ba.

Ranar Laraba, wadda aka sa don tafiya Kontagora, Joel ya hau babur zuwa Manga. Ya tarar da Mama Dinah a gindin bishiya tana ɓarar gyaɗa. Ta ga babu naɗin takarda a hannunsa, ta ce a kawo masa ruwa. Ya gaishe ta, ta amsa, ya sake gaishe ta. Sannan ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ya nuna mata shafin a wayarsa, furanni da akwatin da ba kowa. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa har ta gama wadda ke hannunta.

“Karo na biyu ke nan ana zuwa gidan nan a ce mini ya tafi,” in ji ta. “Wancan karon ma a kan babur aka zo.”

“Mama, laifina ne.”

“Na ji. Laifin zai fito da shi?”

“A'a.”

“To ajiye shi, ba ni da wurin sa shi.”

Joel ya zaro rumbun daga aljihu, a naɗe cikin hankici, don ta ga abin da yake magana a kai. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta auna nauyinsa, ta juya shi, ta kara shi a kunne.

“Yana ciki?”

“Yana ciki, Mama. Fitowa ce ba ya yi.”

“Da hular a karkace?”

“Da komai.”

“To ka bar mini shi.”

Joel ya yi mata bayanin Legas da ɗakin da ƙura ba ta shiga. Ya ce zai kai da kansa, ya ce ko da ba yanzu ba, wata rana za a iya samun wanda zai buɗe. Ta saurare shi har ya gama.

“Ɗana, wancan karon ma cewa aka yi in jira, ana bincike. Na jira har gashina ya yi fari. Ban taɓa samun abin da zan sa a ƙasa ba, ko maɓallin rigarsa. Yanzu ga shi a hannuna, da fuskarsa, kai da bakinka ka ce yana ciki. Ba zan sake sa shi a mota ba.”

Joel ya dubi rumbun a hannunta. Ya san in ƙasa ta rufe ƙarfen nan, damina ɗaya ta ishe shi, kuma ɗan abin da ya rage na fata ya ƙare. Ya kuma san ba shi da bakin cewa a jira. Ta ɗaure rumbun a bakin zanenta, inda mata ke ɗaure abin da ba sa so ya ɓata, ta ba shi gyaɗa a leda ya kai wa yara.

Marigayiya Kofur ta rasu bayan batirinta, wanda ya riga ta da shekaru masu yawa, da harafi biyu da suka ɓalle daga allon rubutunta ba a same su ba. Ta bar maigidanta Joel. Ta bar maus ɗaya, wato linzaminta, mai ɗingishi, wanda har yanzu yake kwance inda ta bar shi. Ta bar caja da aka ɗaure da salatif a wuri uku, da sikana, da wata firinta wadda ba su taɓa jituwa ba amma sun zauna teburi ɗaya saboda aiki. Ta bar katunan aure da ba a buga ba, da kalandar wata ƙungiyar mata, da tambarin wani gidan burodi wanda maigidan ya sa aka canza masa launi har aka koma na farko. Iyalan sun amince a ba Muntaka allonta da sauran haruffanta, domin akwai marasa lafiya a rumfarsa da ke jiran irinsu.

Ana karɓar gaisuwa a shagon daga safe zuwa la'asar. Gangar jikin tana kan teburinta, an rufe ta da tawul ɗin da ta zo da shi. Ana roƙon masu zuwa da su taƙaita. Ana kuma roƙon kada a tambayi Joel ko yana da kwafi a wani wuri. An riga an tambaye shi, ciki har da matarsa da yayansa Abel ta waya, kuma amsar ba ta canza ba. Waɗanda aikinsu ya tafi da marigayiyar za a saurare su bayan jana'iza.

Za a yi jana'izar ranar Asabar mai zuwa a Manga, inda za a binne rumbun a cikin akwati. Za a fara da sujadar tunawa da Ezekiel a coci da safe, kamar yadda aka tsara tun farko. Faston ya bayyana cewa shi ba ya yi wa ƙarfe addu'a, amma zai yi wa Ezekiel, kuma ba zai tambayi abin da ke cikin akwatin ba. Wani kafinta a ƙauyen ya haɗa akwatin, bai fi na sabulu girma ba. Daga coci za a wuce bayan gidan Mama Dinah, inda aka zaɓi wuri kusa da rumbun dawa. Motar da za ta ɗauki masu rakiya daga Zuru za ta tashi daga ƙofar shagon. Hafsat ta ɗauki nauyin abin sha. Ba a buƙatar furanni.

Prosper ya iso daga Wasagu ranar Alhamis. Shi zai haƙa ramin. A hanyarsa ya tsaya a shagon, bai zauna ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce tsofaffin Manga sun sha ba shi labarin mahaifinsa, wannan ya ce dogo ne, wancan ya ce ba dogo ba ne sosai, kowa kuma yana ƙarewa da cewa ya dubi madubi. Ya ce shi ba madubi yake so ba.

“Oga, kai ka zauna da fuskarsa makonni. Mama ta ce da fensir ka fara sana'a. Zana mini shi. Ko bai yi kyau ba, in dai shi ne. A sa shi a gaba ranar Asabar kafin a rufe.”

Joel ya amsa, domin babu wata amsar. An sanya wannan a cikin tsarin ranar, bayan addu'a, kafin a zuba ƙasa.

Tun daga lokacin yana zaune a bencin shagon da fensir da farar takarda. Ya san fuskar a kusa, kusa ƙwarai, yadda yake faɗaɗa ta har ɗigo ɗaya ya cika allo. Ya san inda haske ya faɗi a kan kunci, ya san inuwar ƙarƙashin ido. In ya rufe ido yana ganin kowane yanki daban, in ya buɗe ya sa hannu, yankunan ba sa yarda su haɗu, kuma hannun da ya yi suna har Mahuta ya kasa jan layi miƙaƙƙe. Kwandon shara ya cika da mutanen da ba Ezekiel ba.

Ya zuwa lokacin haɗa wannan sanarwa, ya kammala kunne ɗaya.